Gani Ya Kori Ji: A Kai Zanen Bayani Makarantun Gida

Garin Sorau yana cikin Ƙaramar Hukumar Maiha, kudu da Mubi, dab da iyakar Kamaru. Yaron da ya tashi a wannan yanki yakan ji Fulatanci ko Njanyi a gida, ya ji Hausa a kasuwa, sa'an nan ranar da aka kai shi makaranta ya tarar da littafi cikin Turanci. Malami yana iya yin wuni guda yana bayani, yaro yana gyaɗa kai, alhali kuwa maganar ba ta wuce kunne ba. Wannan ita ce matsalar da ya kamata 'yan Arewa mazauna Kudu su dube ta da idon basira, domin 'ya'yansu ne da ƙannensu suke zaune a kan waɗannan bencina.

Akwai magani guda mai araha, wato zanen bayani. Abin nufi shi ne takarda babba da ake maƙalawa a bangon aji, wadda ta haɗa hoto da lissafi da 'yan kalmomi kaɗan, yadda da kallo ɗaya yaro zai kama abin da ake son ya sani. Alal misali, in ana koyar da ƙidaya, sai a zana saniya ɗaya a ce tana matsayin shanu goma. Yaron da ya saba ganin shanu ana kora su kasuwar Mubi, in ya ga bakwai a jere, ba sai an gaya masa saba'in ba, ko da wane harshe yake tunani.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Wani masani, Otto Neurath, shi da abokan aikinsa suka tsara ƙa'idodinta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya cikin shekarun 1920, kuma babbar ƙa'idar ita ce: in abu ya yi yawa, a ƙara yawan hotuna, kada a ƙara girman hoto. A shekarun 1950 matarsa, Marie Neurath, ta zo Ibadan ta yi aiki da Gwamnatin Jihar Yamma, aka buga ƙananan littattafai masu zane domin fahimtar da talakawa sha'anin ilmi da lafiya, a zamanin da aka soma ilmin firamare kyauta a can cikin 1955. A Arewa kuwa, Hukumar NORLA ta Zariya, wadda aka kafa a 1954, ta yi ta buga wa ɗaliban Yaƙi da Jahilci takardun karatu masu sauƙi.

Tun daga wancan lokaci an yi ta buɗe makarantu, musamman bayan da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976, da kuma UBE a 1999. Yara sun ƙaru, azuzuwa sun cika, amma littafi bai wadata ba. Bugu da ƙari, a ƙarshen 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Mubi da Maiha, jama'a suka watse, karatu ya tsaya. An kore su, mutane sun koma gida, amma yaron da karatunsa ya yanke yana bukatar hanya mafi kusa ta cim ma tsaransa. Littafi ɗaya yaro ɗaya yake riƙewa. Takarda ɗaya a bango kuwa ta ishi aji guda, kuma ba ta bukatar lantarki ko intanet.

Amfaninta bai tsaya ga cin jarrabawa ba. A 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya sa alama a kan taswira a duk gidan da kwalara ta kashe mutum, sai ga alamun sun taru kewaye da famfo guda. A 2018 wannan cuta ta ɓulla a Mubi. Yaron da ya ga zanen yadda ƙazanta take gangarawa daga masai zuwa rijiya, shi zai koma gida ya gaya wa mahaifiyarsa dalilin tafasa ruwa.

Amma fa akwai gargaɗi. Zane ba ya maye gurbin karatu da rubutu, tsani ne kurum na hawa zuwa gare su. Haka kuma zanen da aka ɗauko daga wata ƙasa, mai ɗauke da dusar ƙanƙara da itatuwan da yaro bai taɓa gani ba, ado ne kawai. Wanda zai yi aiki shi ne mai nuna gyaɗa da dawa da watannin damina, wanda malami ya zana tare da ɗalibansa, aka kuma tabbatar lissafinsa daidai ne, domin kuskuren da aka maƙala a bango yara ɗari za su haddace shi. Saboda haka wajibi ne kwalejojin horon malamai na Hong da Yola su ba wannan fanni muhimmancin da ya cancanta.

Su kuwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, nasu aikin a bayyane yake. Ƙungiyoyin 'yan gari sun saba tara kuɗi domin gyaran masallaci ko rufin aji, kuma wannan abin yabo ne. To, ga maɗaba'o'in Shomolu nan kusa da su. Kamata ya yi su rubuta wa hedimastan garinsu, su tambaye shi darussan da suka fi ba yara wuya, a zana, a buga, a aika. In hakan ya yi nauyi, kwali da fenti da alli mai launi ba su fi ƙarfin kowa ba. Motocin da suke kawo shanu Kudu ai komawa suke yi, kuma mai zuwa gida Salla ba ya rasa wurin nannaɗe takarda a cikin kayansa.

Tsarabar atamfa takan koɗe, amma abin da yaro ya gani da idonsa ya gane, shi da shi har abada. Allah ya ba da ikon yi.