Kafin a raba wa matasa 'ya'yan tarwaɗa, a ba su tanki biyu

Akwai ƙorafin da ke yawan fitowa daga bakin masu ƙaramin kiwon kifi ranar kwashe tanki, kuma kusan maganar ɗaya ce ko a Kajiji aka ji ta, ko a Boɗinga, ko a cikin birnin Sakkwato. An zuba 'ya'yan tarwaɗa dubu, an yi wata huɗu ko biyar ana watsa musu abinci safe da yamma, ba a ga mushe a saman ruwa ba sai ɗaiɗaiku, amma da aka janye ruwan sai lissafi ya ƙi cika. Nan take zargi zai tashi. Wani ya ce wanda ya sayar masa da irin ne ya tauye ƙirga, wani ya ɗora wa yaran gida ko maƙwabta, wani kuma ya ce baki ne ya kama kiwon. Ba na musun ana sata, kuma ba kowane mai ƙyanƙyasa ne ke cika mudu ba. Amma ina da yaƙinin cewa kaso mai tsoka na kifin da ke ɓacewa a tankunan tamfol da na siminti, a cikin 'yan'uwansa yake ƙarewa, kuma hannun mai kiwo ne ke shirya hakan ba tare da ya sani ba. Saboda haka duk shirin tallafi da zai miƙa wa matashi tanki ɗaya da buhun abinci da 'ya'yan kifi, bai koya masa ware su bisa girma ba, bai kuma ba shi wurin da zai zuba waɗanda ya ware ba, rabin sana'a ya ba shi.

Masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi sun riga mu gane wannan, don su idonsu na kan abin da ke faruwa a cikin ruwa, mu kuwa ruwan tankinmu kore ne ko baƙi, ba a ganin ƙasansa. Sun san akwai wani ɗan kifi mai ratsin damisa daga tsibiran Indonesiya wanda in aka ajiye biyu ko uku sai su bi sauran kifaye suna tsinke musu wutsiya da fiffike, in kuwa aka tara su shida ko fiye sai su shagala da junansu. Sun san ba a haɗa maza biyu na kifin faɗan nan na ƙasar Tailan a akwati ɗaya. Ba ma sai an je nesa ba: talibamban ɗinmu na gulbi, wanda ke kumbura ciki in an taɓa shi, ana sayar da shi a Turai da Amurka a matsayin kifin ado, kuma shawarar da ake ba mai saye ita ce ya ajiye shi shi kaɗai, domin haƙoransa na gutsure naman duk wanda aka haɗa shi da shi. Abin da waɗannan mutane suka fahimta shi ne, a gulbi mai rauni yana da inda zai gudu, ya shige ciyawa ko ya canza gurbi. A cikin bango huɗu babu wannan. Wanda ya gina bangon shi ya yanke wa zai zauna da wa, kuma shi ya san lokacin da abinci zai sauko.

Game da tarwaɗa kuwa, ba hasashe ake yi ba. A 1988 Thomas Hecht na Jami'ar Rhodes da ke Afirka ta Kudu, tare da Samuel Appelbaum, sun wallafa abin da suka gani bayan sun zuba wa 'ya'yan tarwaɗa ido tun daga ƙyanƙyasa. Sun tarar cin juna iri biyu ne. Tun suna 'yan mitsi-mitsi, ɗaya kan cafki ɗan'uwansa ta wutsiya ya haɗiye shi har wuya, ya datse kan ya yar, saboda kan ya fi ƙarfin bakinsa. Da suka ɗan tasa, tazarar girma ta buɗe, sai salon ya canza: babba ya haɗiye ƙarami ɗungurungum ta kai, ba ya barin ko alama. Wannan na biyun shi ne amsar tambayar mai tankin da bai ga mushe ba. Bakin tarwaɗa faffaɗa ne, kuma da zarar ɗaya ya ninka ɗan'uwansa tsawo, ɗan'uwan ya zama loma. Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne yadda al'amarin ke ciyar da kansa. Wanda ya ci ɗan'uwa ya sami naman da ya fi kowane abincin buhu gina jiki, sai ya ƙara tsere wa sa'o'insa, sai waɗanda zai iya haɗiyewa su ƙaru. Waɗannan su ne masu kiwo ke kira shuta, kuma sabon shiga yakan nuna su ga baƙi da alfahari, yana cewa iri ne mai kyau. Alhali kowane ɗaya daga cikinsu ya cinye kifayen da aka saya da kuɗi, har da abincin da aka riga aka ciyar da su.

Cizo kuma wani babi ne dabam, kuma na fi jin takaicinsa, domin yana jawo kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Tarwaɗa ba ta da ɓawo a jiki, fata ce da yauƙi ke kare ta. In suka yi faɗan gurbi ko rububin abinci, sai a ga farin tabo a gadon baya, gashin baki ya guntule, wutsiya ta yage, wani lokaci ƙayar gefen ɗaya ta karce ɗaya. Ta waɗannan raunuka ƙwayoyin cuta ke shiga. A bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan tankin tamfol da ke tsakar rana yana saurin ɓaci, ragowar abinci da kashin kifi na ruɓewa cikin sauri, rauni ƙarami ya zama gyambo cikin 'yan kwanaki. Mai kiwo ya ga gyambo, ya ruga shagon magani, ya zuba maganin ƙwayoyin cuta a ruwa ba awo. Kifin ya ɗan farfaɗo, cizo ya ci gaba, gyambo ya dawo. Kuɗin magani ya tafi, kuma kifin da ya sha maganin nan shi za a gasa a sayar wa mutane su ci.

Za a ce ai haka Allah ya halicce su, babban kifi shi ke cin ƙarami, masunta da Sarkawa sun san haka tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, ɗabi'a ce. Amma ɗabi'ar na da abubuwan da ke tayar da ita da waɗanda ke kwantar da ita, kuma binciken da na ambata ya nuna samuwar abinci na kan gaba a cikinsu. Ɗan tarwaɗa mai ƙoshi, wanda ke tsakanin sa'o'insa, ba shi da dalili kuma ba shi da iko ya haɗiye kowa. Wanda aka bari da yunwa tun asuba har la'asar saboda mai shi ya tafi kasuwa, ko aka watsa wa abinci a kusurwa ɗaya ta yadda ƙarfafa kaɗai ke kaiwa, ko aka ba shi ƙwayar abincin da ta fi bakinsa girma, shi ne ke juyawa kan na kusa da shi. Mutanen ƙasar Shehu ba sa buƙatar a tuna musu hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da ka tsare, haƙƙinta ya hau kanka, kuma ban ga dalilin da zai fitar da kifi daga wannan hukunci don kawai ba a jin kukansa ba.

Wasu kuma za su ce maganin a bayyane yake, a rage yawansu, cunkoso ne ke kawo faɗa. Nan ne hankalin yau da kullum ke iya yaudarar mutum. Gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da kuma Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun nuna cewa tarwaɗar da ta ɗan tasa ta fi cizon juna in sun yi kaɗan a wuri mai faɗi, domin a lokacin ne kowace ke samun gurbin da za ta ce nata ne, ta tsaya kare shi. In yawansu ya kai wani mataki, tsare gurbi ya gagara, sai su koma yawo tare. Kusan darasin ɗan kifin Indonesiya ne. Wannan ba lasisin cusa kifi ba iyaka ba ne, don kowane ƙarin kifi ƙarin dauɗa ne, kuma wanda ke sayen ruwa ko yake jan rijiya da janareta ya san tsadar sauya ruwa. Abin nufi shi ne yawa kaɗai ba ya bayyana faɗa. Kifi ɗari masu bambancin girma sun fi ɗari uku masu girma ɗaya haɗari. Haka nan haske: tarwaɗa dabbar duhu ce, an ga tashin hankalinta da raunukanta na ƙaruwa in haske ya yi yawa kuma ya daɗe. Rumfar zana ko ta kara a kan tanki na rage zafi, tana kuma rage faɗa, kuma ba a rasa kara a ƙasar Shagari bayan kaka.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta aljihu da ta wahala. Mai ƙaramin ƙarfi zai ce da ƙyar ya haɗa kuɗin tanki ɗaya, abinci kuma shi ke cinye fiye da rabin jarin kiwo, farashinsa kuma ya hau bayan da darajar naira ta faɗi a 2023, ina zai samo na biyu? Zai ƙara da cewa kama kifi da hannu ko da homa na gajiyar da shi, yana goge masa yauƙi, har wasu su mutu bayan an ware su. Duka biyun gaskiya ne, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji ba. Warewa da tsakar rana, kifi na da cikakken ciki, a busasshen bokiti, na iya kashe fiye da abin da shuta za su ci. Amma wannan hujja ce ta a koyi yi da kyau: a hana su abinci tun jiya, a yi da sanyin safiya, da jiƙaƙƙen hannu, cikin hanzari, a mayar da su ruwa mai tsabta. A makonnin farko ne aikin ke da yawa, duk mako ɗaya ko biyu, daga baya tazarar ta faɗaɗa. Batun kuɗi kuwa, tsadar abincin ce ma ta sa asarar ta fi ciwo, tunda duk kifin da aka haɗiye bayan wata biyu ya tafi da abincin wata biyu. Wuri na biyun ba lallai ya zama katafaren tanki ba. Rabin duro ya isa riƙe shuta na ɗan lokaci, ko a raba tanki ɗaya da raga mai ƙarfi. Wanda ba zai iya ko wannan ba, gara ya sayi jambo, wato 'ya'yan kifin da suka tasa, kaɗan masu girma ɗaya, da ya sayi fingalin, wato ƙananan, masu yawa don arha.

Sai batun haɗa jinsi, inda kusancin ruwa ke zama jarraba. Wanda ke kusa da madatsar ruwan Shagari ko wata fadama yana iya samun 'ya'yan kifi a hannun masunta da araha, ya juye su kan na tankinsa yana ganin ƙari ne. Cikinsu ana iya samun ramboshi, wanda ya fi tarwaɗa girma kuma shi ma ya shahara da cin 'yan'uwansa, ko ɗan tsage mai haƙora a waje, ko ɗan giwan ruwa. Giwan ruwan nan da ake gasar kamawa a Argungu, shi aka zuba a Tafkin Victoria a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma masana na ƙiyasta cewa nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200 sun ɓace, shi ne kan gaba cikin dalilai. Tafkin da ya fi kowane girma a Afirka ke nan. Ba wai haɗa jinsi haramun ne a kiwo ba. A kandamin ƙasa, karfasa na hayayyafa har ta cika wuri ta tsumbure, sai a zuba tarwaɗa kaɗan da gangan, bayan karfasar ta girma, don ta riƙa cinye 'ya'yan, iyayen su sami sarari su yi nama. Ɗabi'ar da ke cinye jarin wani ita ce ke yi wa wannan aiki, saboda ya san wa ya zuba, da girmansa, da lokacin zubawa.

Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen noman tarwaɗa, kuma ilimin nan ba a wata ƙasa yake ɓoye ba. Akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, akwai sashen koyar da kiwon kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda daga Boɗinga ko Kajiji tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo. Abin da ya rage shi ne ya iso bakin tanki da Hausa. Ina ganin ya kamata ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ke raba tallafi su daina auna nasara da yawan 'ya'yan kifin da aka miƙa ranar biki, su auna ta da yawan da ya kai kasuwa. A sa wurin warewa da homa da rariyar tantance girma cikin kayan da ake bayarwa, ko da hakan zai rage adadin masu amfana a zagaye ɗaya. A tura malamin gona ya koma bayan mako biyu, ya tsaya a yi warewar farko a gabansa. Masu ƙyanƙyasa kuma su sayar da iri tantantacce, su ƙirga a gaban mai saye, su faɗa masa ranar da ya kamata ya sake warewa, domin su ne na farko da ake zargi in lissafi ya ƙi cika.