Babur Ba Ya Kare Kansa: Abin Da Ya Kamata Samarinmu Su Koya Daga MAX



Sanin kowa ne cewa da wuya a sami gidan Bahaushe a Agege, Idi-Araba ko Mile 12 da bai taɓa cin abinci daga acaɓa ba. In ba maigida ba ne ke ja, to ƙaninsa ne, ko wani yaro da ya zo ci-rani aka ba shi makwanci a zaure. Shi ya sa muka ga ya dace mu tsoma baki a wata magana da ke yawo tsakanin samarinmu, wato cewa su ma za su buɗe kamfanin ɗaukar fasinja ta waya kamar yadda MAX da Gokada suka yi. Muna murna da wannan buri. Amma muna ganin akwai inda suke kuskuren karanta labarin.

Ga waɗanda ba su sani ba, MAX kamfani ne da wasu matasa biyu 'yan Najeriya, Adetayo Bamiduro da Chinedu Azodoh, suka kafa a nan Legas a 2015. Da kai saƙo suka fara, daga baya suka shiga ɗaukar mutane: ka latsa wayarka, mai babur ya zo ƙofar gidanka da hular kwano biyu, tasa da taka, kuɗin tafiya kuma an riga an yanke, babu ciniki babu cacar baki. Gokada ta biyo baya a 2018, sannan OPay ta fito da ORide a 2019. Sana'ar da ake yi wa kallon ta marasa galihu sai ga shi Turawa na zuba mata miliyoyin daloli. Dole yaro mai hankali ya ce, ashe abin da muke yi kullum dukiya ce.

To amma mu tuna abin da ya biyo baya. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 gwamnatin jihar ta hana babur da keke ɗaukar fasinja a ƙananan hukumomi 6, ciki har da Ikeja, Apapa da Surulere, da manyan tituna da gadoji. Kamfanonin nan sun ɗauka ba za a taɓa su ba, domin baburansu masu ƙarfin 200cc ne, irin waɗanda dokar 2012 ta bari su hau manyan hanyoyi. Masu jan baburan har tattaki suka yi zuwa Majalisar Dokoki a Alausa. Bai hana komai ba. A shekarar ORide ta tsaya. Saboda haka duk wanda ke gaya wa yaranmu cewa manhaja a waya za ta kare su daga doka, yaudararsu yake yi. (Kada kuma mu yi saurin cewa don ana ƙinmu ne kawai. Kano ma ta hana acaɓa tun 2013, Abuja kuwa tun 2006.)

Abin lura shi ne yadda kowa ya fita daga wannan guguwa. Gokada ta koma kai kaya da abinci, domin dokar ba ta hana masu kai saƙo da ke da izini ba. MAX ta karkata zuwa wasu garuruwa irin su Ibadan da Akure, ta ƙarfafa ba da babura bashi ana biya kaɗan-kaɗan har babur ya zama na mai ja, ta kuma shiga harkar babura masu lantarki. A ƙarshen 2021 ta sami jarin dala miliyan 31. Me ya sa masu kuɗi suka amince da ita bayan an rufe mata babbar kasuwarta? Saboda tana da rajista, tana da lissafi a rubuce, ta san sunan kowane direba, da lambar babur ɗinsa, da nawa ya biya jiya.

Namu yaran fa? Da aka sake tsananta dokar ranar 1 ga Yuni 2022, cikin 'yan kwanaki aka murƙushe babura fiye da 2,000 da aka kama. Mun ga magidanta suna kuka. Wani gona ya jinginar a gida ya sayi babur ɗin, wani kuma na ubangidansa ne, yana kai balas kullum yamma, ba takarda ba shaida. Sau da yawa idan shugabanninmu suka je bin kadin wanda aka kama a wurin da dokar ma ba ta shafa ba, tambayar farko ita ce ina takardu. Sai a tarar rasit da sunan wani ne, lamba babu, lasin babu, katin shaida babu. Da me lauya zai tsaya gaban alƙali?

Haƙƙinmu a fili yake. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya damar zuwa da zama a duk inda ya so a ƙasar nan, sashe na 42 kuma ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa, addininsa ko inda ya fito. Ba mu manta da mutum 123 'yan Jigawa da aka tsare a watan Agusta 2019 ba, sun shigo cikin babbar mota da babura 48, aka bincika ba a same su da laifi ba aka sake su. Wannan bai dace ba, kuma za mu ci gaba da faɗa. Sai dai tsarin mulki bai ba kowa damar jan babur a titin da aka hana ba. Wanda ya yi haka ya jawo wa kansa, ya kuma jawo wa sauranmu baƙin jini.

Shawararmu ga samarin da ke son koyi da MAX ita ce su fara daga inda ƙarfinmu yake. Tumatir, attarugu da albasar da Legas ke ci ta hannun 'yan'uwanmu suke sauka a Mile 12. Mata masu sayar da abinci da masu otal kullum neman wanda zai kai musu kaya da asuba suke yi. Wannan ba ya bukatar injiniya. Lambar WhatsApp ɗaya da littafin lissafi sun isa a fara. Mutum goma ko ashirin su haɗu su yi rajistar ƙungiyar gama-kai, su buɗe asusu a banki da sunanta. Adashen da ake yi a baki a mayar da shi rubuce. A sayi babur mai ƙarfin da doka ta yarda, da sunan wanda zai ja, a yi masa lamba da inshora, a nemi izinin kai saƙo kafin a hau titi.

Ga masu karɓar babur bashi kuwa, daga kamfani ne ko daga wani Alhaji a unguwa, kada ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku ba. Ku tambaya: in na yi ciwo mako biyu, yaya ake yi? In aka kama babur ko aka sace, wa zai biya? In na biya rabi na kasa, kuɗina ya tafi ke nan? Ku zo da takardar ofishin ƙungiya, akwai masu karatu da za su duba muku kyauta.

Iyayenmu masu hali, ku ma da aikinku. Maimakon a ba yaro babur a ce Allah ya tsare kawai, a ƙara da kuɗin lamba da na lasin, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu kamar yadda addini ya koyar game da bashi. Waɗanda ke son shiga ƙungiyar gama-kai su ba sakatare sunayensu bayan sallar Juma'a, su zo da katin shaidar ɗan ƙasa.