Mu Koya wa Yaranmu Abin da Ke Nutsar da Kwalekwale

'Yan'uwa, a ƙarshen watan Nuwamba na 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. A watan Yuni na 2023 kuma fiye da mutum 100 suka halaka a kogin Kwara wajen Patigi, suna dawowa daga bikin aure. A duka biyun an ambaci lodi fiye da kima. Mu ma da yawanmu sai mun haye ruwa kafin mu kai kasuwa ko gona da damina.

Ra'ayinmu shi ne, yaro ɗan shekara 6 ya isa ya gane abin da ke sa jirgi ya nutse, in dai an bar shi ya gwada da hannunsa. A cika baho da ruwa, a ɗora ƙwarya, a ba yaron tsakuwa ya riƙa zubawa ɗaya-ɗaya yana ƙirgawa. Zai ga ƙwaryar tana ƙara sauka har ruwa ya kai bakinta ta nutse. Sai a tara tsakuwar a gefe guda, ya ga ta karkace ta sha ruwa tun lodin bai kai na farko ba. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan fasinjoji suka ruga gefe ɗaya don tsoro.

Dalilin kuwa ba wuya. Ruwa yana tura abu sama daidai da nauyin ruwan da abin ya ture, kamar yadda Arkimidis Bahelene ya bayyana fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka kowane jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka. A gwada lemo ma: da ɓawonsa yana yawo a kan ruwa, gama akwai iska a ɓawon, in an ɓare shi yakan nutse. Daga nan yaro zai gane amfanin rigar kariya ta ruwa.

Wasu dattawa za su ce wannan wasan ruwa ne, aikin makarantar boko ne kuma. Amma makarantun ƙauyukanmu nawa ne suke da kayan gwajin kimiyya? Baho da ƙwarya kuwa babu gidan da ya rasa. Abin lura dai, kada a bar ƙananan yara su kaɗai da baho, a zubar da ruwan da zarar an gama.

Muna roƙon dattawa, da zumuntar mata, da masu koyar da yara su keɓe yamma ɗaya domin wannan kafin koguna su cika. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya nutsar da ƙwarya da hannunsa, ran da ya ga ruwa ya kusa bakin kwalekwale zai ja rigar uwarsa ya ce su jira na baya. Allah ya kiyaye mana su.