Aikin Gayya da Raya Karkara: Darasi Daga Yaƙi da Kurkunu

Tun kafin a san kalmar "sa-kai" a takardun hukuma, Bahaushe ya san gayya. Mai gona zai gayyaci samarin gari, a dama fura, makaɗa su biyo baya, kafin azahar an nome abin da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da shi. Haka ake yaɓen masallaci, da yasar rijiya, da gyaran hanyar kasuwa. Ita kuwa kalmar "sa-kai", wadda aka gina daga aikatau "sa" da suna "kai", tana nuna mutum ne ya miƙa kansa ba tare da an tilasta masa ba. Abin takaici, a wasu sassan Zamfara da Katsina ma'anarta ta karkata, har in an ce "'yan sa-kai" sai tunani ya tafi ga masu ɗaukar makami.

Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne, aikin sa-kai a karkara ba ya ɗorewa sai ya ɗauki siffar gayya: aiki ne sananne, mai iyaka, wanda mutanen gari suka ga amfaninsa da idonsu. Babu misalin da ya fi yaƙi da kurkunu fito da wannan fili.

A binciken da aka yi a 1988 zuwa 1989, an sami mutane fiye da 650,000 masu fama da kurkunu a Nijeriya. Cuta ce da ake ɗauka ta shan ruwan tafki ko kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan halittu. Bayan kimanin shekara guda sai tsutsar ta huda fata, galibi a ƙafa, ta kwantar da manomi makonni, sau da yawa daidai lokacin da gona take bukatarsa, ta kuma hana yaro zuwa makaranta. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin sha. To, da me aka yaƙe ta? Da mutanen ƙauye. A kowane ƙauye da cutar ta addaba an zaɓi ɗan gari, aka koya masa abubuwa kaɗan: ya raba ƙyallen tace ruwa, ya wanke gyambon mai ciwo ya ɗaure, ya hana shi tsoma ƙafa a tafki, sannan ya rubuta adadin masu ciwo ya miƙa kowane wata. Cibiyar Carter ta Amurka da Janar Yakubu Gowon sun ba da gagarumar gudummawa, amma wanda ya tsaya a bakin tafki da sassafe ba daga Abuja ya zo ba. An ga mai ciwo na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da cutar.

Abin lura shi ne, ba a bar ɗan sa-kan nan shi kaɗai ba. Akwai mai duba aikinsa, akwai kayan aiki da ake kawo masa, akwai kuma inda rahotonsa yake zuwa a yi aiki da shi. Wannan ne ake yawan rasawa a fannin ilimi. Sau nawa jama'ar ƙauye suka haɗa kuɗi da ƙarfi suka gina aji biyu, aka kuma shekara ba a turo malami ba? Sau nawa aka kafa kwamitin kula da makaranta, wanda ya ƙunshi iyaye da mai unguwa da liman, amma ba a taɓa tambayarsa ko da ranar da rufin aji ya yaye ba? Mutanen da aka yi wa haka sau biyu, da wuya su amsa gayya ta uku. Ba lalaci ba ne. Gayya al'ada ce ta ramawa, kuma hukuma ba ta rama ba.

Akwai masu cewa aikin sa-kai hanya ce kawai da gwamnati take sauke nauyinta a kan talaka. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Albashin malami da maganin asibiti haƙƙi ne a kan hukuma, ba abin da za a jira karo-karo ba. Sai dai akwai ayyukan da albashi ba ya iya yi. Ma'aikacin da aka turo daga birni ba zai shiga cikin gida ya shawo kan uwa ta kai jaririnta rigakafi ba, amma ungozomar unguwa za ta iya. Wata illar kuma ita ce alawus: da zarar an saba biyan kuɗin zama a kowane taro, sai gayya ta koma kwangila, ranar da kuɗin ya tsaya aikin ma ya tsaya.

Malamin da aka tura ƙauye yakan tarar shi ne mutum mafi zurfin karatun boko a garin, don haka za a kawo masa wasiƙa ya karanta, da katin asibiti ya fassara. Idan yana son jama'a su sa kai, ya fara da gaishe da dagaci da liman, ya nemi magajiyar mata da sarkin samari, sannan ya zaɓi aiki ɗaya da za a iya gamawa kafin damina: haƙa masai a makaranta, ko bin gida-gida a rubuta sunayen yaran da suka isa shiga aji ɗaya. In an gama, ya karanta sakamakon a gaban waɗanda suka yi aikin, ya kuma kai kwafinsa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma da hannunsa.