Tsoron Likita Ya Fi Ciwon Haƙori Ɓarna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, akwai wata musiba da ta zama ruwan dare tsakanin malamai da fatake. Mutum zai kwana bakwai yana fama da ciwon haƙori, yana cusa kanumfari a kogonsa, amma da an ambaci likita sai gabansa ya faɗi.

Wannan tsoro yana da asali. Dattawa da yawa sun ga yadda wanzami ke cire haƙori da awartaki, ba maganin kashe zafi, abin kuwa ya zauna musu a zuciya. Amma zamani ya juya. Tun 1846 wani likitan haƙori, William Morton, ya nuna a birnin Boston na Amurka cewa ana iya yi wa mutum aiki bai ji zafi ba. Yau allura ake yi a dasashi, wurin ya mutu kafin a taɓa shi.

Ga yadda tsoro ke cutar da mai shi. Ƙaramin kogo, wanda za a cike shi a zama ɗaya, idan aka bar shi sai ya kai ga jijiya, ya tara mugunya, kunci ya kumbura, wani lokaci cutar ta gangara wuya ta halaka mutum. Haƙoran baligi 32 ne, wanda ya fita kuwa ba ya sake tsirowa.

Damuwa ma tana da nata rabon. Falken da bashi ya hana sukuni yakan riƙa cizon haƙora cikin barci har su zaizaye. Fargaba tana busar da yawu, alhali yawu shi ke wanke baki. Sai ya yawaita shayi mai sukari, ya yi sakaci da aswaki, wanda malaman Malikiyya suka lissafa cikin mustahabban alwala.

Saboda haka wajibi ne malamin da aka zo wa neman addu'ar ciwon haƙori ya yi addu'ar, sa'an nan ya tura mai ciwon asibiti, domin neman magani ba ya warware tawakkali. Mai tsoro ya tafi da ɗan'uwansa, ya faɗa wa likita tsoronsa tun farko, babu kunya a ciki. Iyaye kuma su bar razana yara da allura, don kada su gadar musu da wannan ciwo na zuciya.

Allah Ya ba da lafiya, amin. Wassalam.