Masu "gyaran" takobin Japan a bidiyo, ku ji tsoron Allah

1/ Jama'a yau zan taɓo masu bidiyon "gyaran tsohon takobin Japan" da suka cika YouTube da TikTok. Kun san su ai: a ɗauko takobi ya yi jajir da tsatsa, a tsoma a asid, a bi shi da injin gogar ƙarfe irin na masu walda, a ƙarasa da samfefa. Minti goma ya koma kamar madubi, mu kuma muna ta zuba laik. Wallahi ɓarna muke tafa wa. Ku biyo ni.

2/ Sai kun san yadda ake ƙera shi za ku gane. Ƙarfen sunansa tamahagane, daga yashi mai ƙarfe da gawayi ake narko shi a murhun yumɓu da ake kira tatara, kwana uku ba dare ba rana. Maƙeri ya yi ta ninke shi yana bugu. A takubba da yawa ƙarfe mai tauri ne a waje kamar riga, mai taushi a ciki.

3/ Kafin a tsoma shi a ruwa da zafinsa, ana shafe shi da yumɓu: kauri a baya, ɗan siriri a bakin kaifi. Bakin ya huce da sauri ya yi tauri, bayan ya huce a hankali. Nan ne wannan layin mai kama da gajimare ke fitowa, hamon. Da shi da zanen ninkin ƙarfen ne masana ke karanta zamani da yanki, wani lokaci har maƙerin.

4/ To injin nan me yake yi? Yana cinye rigar wajen, wadda dama ba ta da kauri. Yana baje layukan jikin ruwan takobin. In ya yi zafi har ƙarfen ya sauya launi, taurin bakin ya tafi kenan. Ƙarfen da ka kankare kuma ba ya dawowa, ko kai waye.

5/ Wanda ya fi ƙona min rai shi ne in sun cire ƙota sun goge wutsiyar. Haba! Wannan ɓangaren da ke shiga cikin ƙota, nakago, shi ne takardar haihuwar takobin. Baƙar tsatsar da ke kansa ɗaruruwan shekaru ta yi tana zama. Launinta, sawun magagarin maƙeri, ramukan ƙusar gora, sunan da aka sassaƙa, duk da su ake gane shekarunsa. Masu harkar ba sa taɓa wurin sam. Kai kuma ka sa burushin waya ka share don ya "yi tsaf".

6/ Kuma kar suna ya ruɗe ku. Sa hannun jabu ya yi yawa har yana da sunansa, gimei. Yawancin takubban da aka jingina wa Masamune, fitaccen maƙerin da ya rayu wajen shekara 700 da suka wuce, ba su da sa hannu ma. Aikin ƙarfen ake dubawa. Ƙungiyar NBTHK da aka kafa a 1948 tana tantance takobi ta ba shi takarda mataki-mataki, daga Hozon har Tokubetsu Juyo. Ka goge shaidar, me za su duba?

7/ Wankin takobi sana'a ce mai zaman kanta. Mai yinta togishi, kusan shekara 10 yake yi a gaban maigida kafin ya tsaya da ƙafarsa. Duwatsu yake bi ɗaya bayan ɗaya da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ƙarshe ya koma ƴan ɓarɓashin dutse a ƙarƙashin babban yatsa. Takobi ɗaya kan ci makonni. Iyalin Hon'ami ɗaruruwan shekaru suna wannan aikin. Shi ɗin ma yana takatsantsan, don kowane wanki na rage ƙarfe, in ya yi yawa na cikin ya leƙo sai su ce takobin ya "gaji".

8/ Na san me za a ce a kwament. "Ai tsatsa na cin sa, gara a cece shi." Ja ce ke ci, kuma mai mara nauyi da busasshen wuri sun isa su rage mata gudu. Ga misali: a 1939 an gano wani takobi a saman rufin ɗakin ajiya na wurin bautar Kasuga da ke Nara. Aka bar shi da tsatsarsa. Sai da ƙwararre ya wanke shi, a 2018 aka sanar cewa na ƙarni na 12 ne. Kusan shekara 80 yana jira. Da ɗan bidiyo ya samu, da yamma ɗaya ta gama da shi.

9/ "Kayansa ne, kuɗinsa ne." To, doka ba za ta kama shi ba. Amma abin da ya wuce ta hannu goma sha kafin ya iso gare ka, kowa ya shafa mai ya miƙa gaba, kai ne za ka kashe shi saboda masu kallo? Ni dai ban ga burgewa ba.

10/ "Wankin gaske na da tsada." Gaskiya ne, da tsawon ruwan takobin ake lissafin kuɗin, kuma akwai layin jira. Ba kowane takobi ya cancanta ba ma. In akwai tsaga da ta ratsa bakin kaifi, hagire, masu tarawa sun sallama shi. Shi ya sa togishi kan wanke ɗan wuri kaɗan tukuna a leƙa me ke ƙasa. Ba ka da kuɗi? Bar shi yadda yake. Kyauta ne.

11/ Ƙarin abin haushi, da yawan takubban bidiyon nan jabun masana'anta ne da aka sa wa tsatsar ƙarya. Wannan ba asara. Matsalar mai kallo ce da ke da na gaske a gida. Bayan 1945 sojojin Amurka sun kwashi takubba bila adadin zuwa gida, wasu tsoffin na gado ne da aka sa wa ƙota da kuben soja. Honjo Masamune kansa, na gidan Tokugawa, an miƙa shi ofishin ƴan sanda na Mejiro a Disambar 1945, har yau ba labari. Ka yi tunanin yana garejin wani da ya gama kallon bidiyon nan.

12/ In irinsa ya faɗo hannunka: kar ka taɓa ruwan da yatsa, gumi tsatsa ne. Shafa mai kaɗan da ƙyalle mai laushi, ban da wutsiyar. Kar ka gwada shi a kan kwalba ko reshe don Allah. Ɗauki hotonsa gaba ɗaya da na wutsiyar, ka nuna wa masana kafin komai. Masu takobin kaka a gida da ke shirin kai wa mai walda kafin hawan sallah, ku ma da ku nake.

13/ Mai ja ya zo kwament, amma ya taho da hoton wutsiyar takobin kafin "gyara" da bayansa.