Ciwon Ƙoda A Gashuwa Da Nguru: Wa Ke Jinyar Zuciyar Majinyaci?



Duk wanda ke zaune tsakanin Nguru da Gashuwa ba sai an ba shi labarin ciwon ƙoda ba. Da wuya ka zauna a majalisa a tashi ba a ambaci wani da ƙafa ta kumbura, ko wanda aka wuce da shi Damaturu ko Kano ko Maiduguri domin wankin ƙoda ba. Abin ya yi ƙamari a ƙasar Bade da Jakusko da kewaye, har gwamnatin Yobe ta sa hannu, kuma cibiyar bincike ta BioRTC da aka buɗe a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, ƙarƙashin masanin kimiyya Mahmoud Bukar Maina, ta shiga neman musabbabin cutar. Allah Ya ba su sa'a. To amma yau hankalina yana kan wani sashe na jinyar da ba a cika maganarsa ba, wato halin da zuciyar majinyaci ke ciki, musamman dattijo, tun daga ranar da likita ya gaya masa ƙodarsa ta gaza.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: natsuwar zuciya wani ɓangare ne na jinya, kuma mu da muke ganin mun fi kowa riƙo da addini, sau da yawa mu ne muke ɗaga wa majinyacinmu hankali da bakinmu. Wannan ba zancen majalisa kawai ba ne, domin kuwa likitoci a wasu ƙasashe sun daɗe suna bincike a kai, kuma yana da kyau mu san abin da suka gano da abin da suka kasa ganowa.

Tun a 1967 wata likita a Landan mai suna Cicely Saunders ta buɗe gidan jinyar waɗanda ciwonsu ya yi nisa, ta kuma koyar da cewa raɗaɗin majinyaci ba na jiki kaɗai ba ne: akwai na tunani, akwai na iyali da rashin abin hannu, akwai kuma na tsakaninsa da Ubangijinsa. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ɓangare na ruhi cikin bayaninta na kula da masu ciwo mai tsanani. A wannan shekarar ce kuma wasu masana a Amurka suka fitar da wani ma'auni mai tambayoyi 12 da ake kira FACIT-Sp, wanda ake tambayar majinyaci ko yana jin salama a ransa, ko yana ganin rayuwarsa na da ma'ana, ko imaninsa na ba shi ƙarfi. Wato dai abin da mu muke kira kwanciyar hankali da dangana, su sun mayar da shi tambayoyi suna aunawa.

Da aka fara aunawa sai ga abin mamaki. A 2007 wata likitar ciwon daji ta Jami'ar Harvard, Tracy Balboni, ta fitar da bincike kan majinyata 230 waɗanda dajinsu ya yi nisa. Kashi 88 cikin 100 sun ce addini na da muhimmanci a wurinsu, amma kashi 72 sun ce asibiti bai kula da wannan buƙata tasu ba, ko kuma kulawar ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kashi 47 sun faɗi haka game da jama'ar wurin ibadarsu. Kusan rabi ke nan! Waɗanda kuwa suka sami mai kula da su ta wannan fuska, an ga sun fi jin daɗin sauran kwanakinsu.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce, ina ruwan biri da gada? To ga na Musulmi 'yan uwanmu. A 2015 an buga wani bincike da aka yi a Jidda kan masu wankin ƙoda 310, cikin masu binciken har da Harold Koenig na Jami'ar Duke, wanda ya daɗe yana wannan fage. An ga cewa waɗanda suka fi riƙo da ibada sun fi natsuwa kuma sun fi samun masu tallafa musu. Sai dai a yi hattara, irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne, bai ce wannan ne ya haifar da wancan ba. Mai yiwuwa wanda ke da sauran ƙarfi shi ne ke iya zuwa masallaci, kuma wanda ke zuwa masallaci shi ne ake saurin lura idan ba a gan shi ba.

Akwai kuma binciken da wasu ke ɗauka su yi wa masu addini dariya. A 2006 Herbert Benson da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon gwaji kan mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya a Amurka. An sa wasu ƙungiyoyin Kirista, waɗanda ba su san majinyatan ba, su riƙa yi wa wasunsu addu'a daga nesa. Da aka ƙirga, waɗanda aka yi wa addu'a ba tare da sun tabbata ba, kashi 52 sun sami matsala bayan tiyata; waɗanda ba a yi wa ba, kashi 51. Waɗanda aka gaya wa cewa lalle ana yi musu addu'a kuwa, kashi 59 ne. Ni dai wannan bai girgiza ni ba. Addu'a ibada ce, ba ƙwaya ba ce da za a ce sha biyu da safe biyu da dare a ga aikinta cikin kwana 30, kuma Mai amsawa ba Ya shiga ɗakin gwaji. Amma akwai darasi a ciki ga mai hankali: kada wani ya ce maka akwai wani karatu ko tofi da zai maye gurbin injin wankin ƙoda. Addinin da ya umarce mu da addu'a shi ne ya umarce mu da neman magani.

Yanzu ga binciken da ya fi shafar mu. A 2001 Kenneth Pargament da Koenig da wasu sun fitar da sakamakon bibiyar majinyata 596, 'yan shekara 55 zuwa sama, na tsawon shekara biyu. Sun gano cewa waɗanda ke jin kamar Allah Ya yashe su, ko suna kokwanton ko Yana son su, ko suka ɗora ciwonsu kan Shaiɗan, haɗarin mutuwarsu ya ƙaru da kashi 19 zuwa 28 cikin 100 a kan sauran. Ajali dai na Allah ne, wannan ba mu ja ba. Amma a sake karanta jerin nan a hankali, sannan kowa ya tuna irin maganganun da ake yi a gefen gadon majinyaci a garuruwanmu.

Mutum ya kwanta, ciki da ƙafa sun kumbura. Kafin sakamakon gwajin jini ya fito, 'yan dubiya sun riga sun yanke hukunci. Wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce abokin gaba ne a kasuwa, wata ta ce kishiya ce, wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ce alhakin mutane ne ya kama shi. Duk majinyaci na ji. Bayan an watse a bar shi da dare mai tsawo, yana lissafin wa ya ɓata wa, wa ke neman ransa, ko kuma wane zunubi ne ya jawo masa. Dattijon da ya shekara 50 yana sahun gaba, sai ga shi yana zargin ɗan'uwansa, yana kuma tsoron ko Ubangijinsa Ya yi fushi da shi. Mun zo dubiya mun tafi da ɗan sauran natsuwar da yake da ita.

Daga nan kuma sai a shiga yawon neman karya sammu. A sayar da akuya, a taɓa jari, a yi ta ɗura masa jiƙe-jiƙen da ba wanda ya san abin da ke ciki, wani ma har da kanwa, alhali mai ciwon ƙoda hatta ruwan sha da gishiri auna masa ake yi. Idan jiki ya yi tsami a je kyamis a sayo diclofenac ko ibuprofen, waɗanda likitoci suka tabbatar suna ƙara wa ƙoda lahani. Kafin a kai shi asibiti an ci wata uku, kuɗi sun ƙare, ciwo ya ci jiki. Ba ina cewa babu asiri a duniya ba ne, ko kuwa duk maganin gargajiya banza ne. Abin da nake cewa shi ne, gwajin fitsari da na jini suna nuna halin da ƙoda ke ciki, to me ya hana a fara da su?

Mu da asalinmu ke wani gari, lamarin ya fi yi mana nauyi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano a 1930, fatake suka riƙa zuwa cinikin gyaɗa da ƙaro da fata da shanu, wasu kuma kifi ya kawo su bakin kogi. Da yawa sun yi aure, sun hayayyafa, sun zauna lafiya da Badawa da Mangawa da Fulani. Amma idan tsufa da ciwo suka haɗu, sai ka ga dangin jini suna Kano ko Haɗejiya ko Katsina, sa'o'insa na kasuwa sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya kuma neman abinci ya watsa su. Dattijon da rayuwarsa duka tsakanin rumfa ce da masallaci, rana ɗaya ya rasa duka biyun. Idan kuma an fara wankin ƙoda, wanda a ƙa'ida sau uku ake yi a mako, kowanne wajen awa huɗu, sai ya koma ganin kansa a matsayin kaya a wuyan iyali. Wannan tunani shi ma ciwo ne, kuma allura ba ta maganinsa.

To mene ne abin yi? Na farko, mu gyara dubiya. A takaita zama, a daina ba da labarin wane da ya yi irin wannan ciwo bai kwana bakwai ba, a daina bincike kan wa ya yi masa. A tuna masa rahamar Allah da ladan haƙuri, a tuna masa cewa Annabi Ayuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi jinya mai tsawo ba don an yi fushi da shi ba. A tambaye shi abin da ke damunsa, sannan a yi shiru a saurara. Wataƙila bashi ne ke hana shi barci, wataƙila akwai ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa magana yana so a kira masa shi, wataƙila wasiyya yake so ya bari amma kowa na cewa haba Baba, daina wannan magana.

Na biyu, ina roƙon iyayenmu malamai, cikin ladabi, su riƙa leƙa asibiti ba sai ranar jana'iza ba. Akwai dattawan da ke kwance da robar fitsari ko bututu a wuya, suna kuka a ɓoye don suna ganin sallarsu ba ta karɓuwa. Alhali a littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Ahalari da Iziyya da Risala, akwai hukuncin taimama, da sallar zaune da ta kwance, da sauƙin da aka yi wa mai yoyon fitsari. Haka nan azumi, an yi wa mara lafiya rangwame, amma wani ba zai yarda ya sha ba sai ya ji daga bakin limaminsa. Minti biyar na malami zai sauke masa nauyin da ya kwana 40 yana ɗauke da shi. Kuma idan malam ya ce a ci gaba da zuwa asibiti, a bar jiƙon nan, za a ji maganarsa fiye da ta kowa. 'Yan uwanmu Kirista da ke kwance a gado na kusa su ma haka suke buƙatar limaman cocinsu.

Na uku, ma'aikatan lafiya. Mun san aiki ya yi musu yawa, majinyata sun fi ƙarfinsu. Amma tambaya ɗaya ba za ta ci lokaci ba: Baba, akwai abin da ke damun ranka game da ibada ko iyali da za mu taimaka a kai? Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, muna da Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013. Ina ma a ce masu bincikenmu, yayin da suke auna ruwa da jini, su kuma zauna da majinyatanmu su yi musu irin waɗancan tambayoyi da Hausa da Badanci da Barbarci, mu sami alƙalumanmu na kanmu maimakon na Jidda da Amurka.

Na huɗu kuma namu ne, mu matasa. Kowace ƙungiyar 'yan kasuwa da kowane masallacin unguwa na iya rubuta sunayen dattawan da suka daina fitowa, a raba kwanaki, yau wane gobe wane. Mai babur ya kai shi Juma'a idan jiki ya yarda, mai karatu ya je ya karanta masa ko da shafi ɗaya, mai hali ya sa wani abu a asusun kuɗin mota zuwa wanki. Sannan mu kanmu mu je a auna mana hawan jini da suga, domin su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma cutar ba ta cika nuna alama da wuri ba.

Na san wani zai ce wanda ba shi da kuɗin wanki, me zancen natsuwa zai yi masa? Gaskiya ne, kuma ba za mu daina kiran gwamnati ta kawo injina kusa da mu, ta gyara ruwan sha ba. Amma wancan sai mun jira wasu, wannan kuwa a hannunmu yake, kuma ko sisi ba ya ci. Wanda Allah Ya ƙaddara zai tashi, ya tashi da ƙarfin zuciya. Wanda kwanansa ya ƙare, ya tafi yana kyautata zato ga Ubangijinsa, ba yana zargin maƙwabcinsa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da imani.